Ƙurajen Mai Aski

Wata safiya a banɗaki Tsinke ya fara ganinsu, yana tsaka da aske gashin mara. Ƙuraje ne 'yan mitsi-mitsi a gindin gabansa, ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, sumul-sumul suna ɗan sheƙi, kowanne da ɗan rami a tsakiya kamar an dangwala masa bakin allura. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Ya dube su, ya taɓe baki, ya bi ta kansu da reza ya wuce.

In akwai abin da Tsinke ya sani a duniya, to ƙurji ne. Tun yana ɗan saurayi kawunsa ya danƙa masa almakashi ya tsayar da shi a bayan kujerar aski, daga nan ƙeyar mutane ta zama karatunsa. Ya san ƙurjin da kilifa mai datti ke kawowa, ya san na zufa, ya san wanda gashi ke yi idan ya lanƙwashe ya koma cikin fata. Wannan na ƙarshen ma a kansa ya yi suna. Tawul mai ɗumi, allurar da aka gasa a wuta, matsefata, sai auduga da sifirit, shi ke nan mutum ya tashi yana sa masa albarka. Daga wasu unguwanni ake zuwa takanas a miƙa masa wuya. Saboda haka bai ga abin tayar da hankali ba.

Bayan 'yan kwanaki sai ya ga sun ƙaru. Sun jeru a kan layin da reza ta bi, wasu sun gangaro jikin gaban nasa. Ya ɗauko ƙaramin madubin da yake nuna wa mutane ƙeyarsu, ya tsuguna inda haske ke shigowa ta taga, ya duba wurin da bai taɓa yi wa kallon tsanaki ba tun da aka haife shi. Nan ya ga wasu kuma daban, ƙanana ƙwarai, sun zagaye bakin kan kaciyarsa kamar an jera 'yan duwatsun ado. Ya daɗe a tsugune har ƙafarsa ta yi sanyi.

Ba ƙurajen ne suka fi tsorata shi ba, lokacin da suka zaɓa ne.

Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata, har shi. Watanni kaɗan da suka wuce cikinta na fari ya zube, ta zubar da jini mai yawa, aka ce su dakata da juna sai ta murmure. Ya dakata. Ya kwana kusa da ita kamar ɗan'uwa, hannunta a cikin nasa, yana jin yadda take haɗiye kuka don kada ta tashe shi. Sai a makon nan ta dawo daga asibiti, ta ajiye jaka, ta ce masa ba tare da ta dube shi ba, "Sun ce na warke sarai." Ta yi ɗan murmushin da ya daɗe bai gani ba, ta shimfiɗa sabon zanin gado.

To me za ta ce in ta gani? Mutumin da aka ce ya yi haƙuri na 'yan watanni, sai ga shi da ƙuraje a wurin da ba a kwaso su a kasuwa. Shi dai ya san bai je ko'ina ba. Amma ya yi shekara da shekaru yana sauraron maza a kujerarsa, ya kuma san duk wanda aka kama abin da yake cewa ke nan. Ko shi aka kawo wa labarin, da dariya zai yi.

Sai ya ce mata bayansa ke ciwo, katifar ta yi laushi da yawa. Ya kwashi filo ya koma doguwar kujerar falo.

Asibiti kuwa ko kusa bai sa shi a lissafi ba. Wanda ke kusa da su, rabin ma'aikatansa a hannunsa suke aski: mai ba da kati, mai ɗibar jini, har direban motar marasa lafiya. Kuma ya fi kowa sanin yadda magana ke tafiya. Shagon aski rediyo ne da ba a kashe shi. A nan ya ji wanda aka yi wa aikin basir, a nan ya ji wanda matarsa ta kai ƙara, shi kansa ya sha ƙara wa labari gishiri yana kaɗa almakashi. Yau in ya miƙa kati, gobe sai an yi shi a wani shagon.

Don haka ya yanke shawarar ya yi abin da ya iya. Kullum in Malama ta fita makaranta, sai ya kulle banɗaki ya shimfiɗa kayansa na gida a kan murfin bokiti. Ya gasa allura, ya huda, ya matse. Wani farin abu kamar ƙwayar shinkafa da aka karya ya fito, ya ce ga saiwar nan. Ya nemi gashin da ya lanƙwashe da matsefata, bai samu ba, ya ƙara tonowa. Da ya ɗora audugar sifirit sai da ya ciji gefen tawul, hawaye ya zubo masa, domin fatar wuya daban, ta can daban. Kashegari kuma ya sake bi da reza, don a sana'arsu ba a yi wa ƙurji aiki a cikin gashi.

Duk inda ya matse ɗaya, sai biyu su fito a gefensa. Guda ɗaya da ya fi tonewa ya yi ja, ya kumbura, ya fara tara mugunya. Kaluluwa ta fito masa a matsematsi.

Ran nan da safe Malama ta ajiye masa shayi a kan tebur, ta tsaya tana gyara mayafinta. Jakar littattafan yara na kafaɗarta.

"Maigida," ta ce.

Ba ta kiransa haka sai in abu ya ɓaci. A ranakun daɗi Tsinken nan dai take ce masa, ta ja shi kamar tana lasar zuma.

"Ranar Asabar zan tafi gidan Yaya. Zan ɗan kwana biyu."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Gara in ba ka wuri ka samu gadonka, bayanka ya huta da kujera."

"Haba Malama, ai na gaya miki katifar ce."

"Katifar da kai ka zaɓo da hannunka." Ta gyara zaman jakar. Muryarta ba ta tashi ba, irin wadda take kiran sunayen yara ce da ita. "Ba na son gardama, na makara. Abu ɗaya nake so ka sani. Ni ban zubar da shi da gangan ba. Ban ɗauki abu mai nauyi ba, ban sha komai ba. In ma kana ganin jikina ne ba ya riƙewa, to ka faɗa mini da baki, ya fi wannan."

Kafin ya buɗe baki ta fita. Ya ji ƙarar ƙofar waje, ya ji takunta yana nisa. Shayin ya huce a gabansa. Duk kwanakin nan yana can yana tsoron kada ta zarge shi, ashe ita tana nan a ɗaki ita kaɗai, a kan sabon zanin gado, tana zargin kanta. Ya so ya bi ta da gudu, amma ko tafiya da ƙyar yake yi.

A shago Gajere ne ya fara ganinsa, abokin aikinsa mai kujerar bakin ƙofa, wanda bakinsa ya fi kilifarsa kaifi.

"A'a! Ku ba ango hanya. Tsinke, wannan tafiya fa? Raƙumi ka hau daga gida?"

"Tsoka ce ta riƙe ni."

"Tsoka? A jikin wa? Kai da in ka juya gefe sai a neme ka a rasa."

Masu jiran layi suka kwashe da dariya. Tsinke ma ya yi, ya ɗaura wa na farko kyalle a wuya, ya kunna kilifa. Zazzaɓi na hawa masa a hankali. Wando na gogar wurin duk lokacin da ya zagaya kujera, sai ya riƙa juya kujerar maimakon ya zagaya da ƙafa. Sau biyu yana dafa teburin madubi.

Kawu na zaune a kusurwarsa yana wasa aska. Ya daɗe da rage aski saboda ido, amma ba abin da ke wuce shi a shagon nan. Da rana ta take mutane suka ragu, ya tashi ya nufi ɗan lungun baya inda ake wanke tawul.

"Kai, zo ka kama mini bokitin nan."

Ba wani bokiti. Kawu ya janyo labule ya tsaya yana kallonsa.

"Tun safe kana juya mutane kamar gasa nama. Idonka ja. Mene ne?"

"Ba komai, Kawu."

"Ni na riƙe ka ranar da aka yi maka kaciya, ba abin da za ka ɓoye mini da ban gani ba. A ƙasa ne?"

Tsinke ya sunkuyar da kai. Ya faɗa a guntule, idonsa a kan magudanar ruwa. Da ya zo kan allura da sifirit, Kawu ya runtse ido ya ja iska ta haƙori kamar shi aka ɗora wa.

"Sifirit? A can? Kai, Allah ya shirye ka. Da kayan shago?"

"A'a, nawa na gida."

"To ka yi hankali ɗaya a cikin goma." Ya gyara labulen. "Ba zan tambaye ka inda ka samo ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka da matarka. Ita ta sani?"

"Ba ta sani ba. Wallahi Kawu ban..."

"Na ce ba ni za ka rantse wa ba." Ya zaro mabuɗin babur daga aljihu, ya sake mayarwa. "A'a, ba za ka iya zama a kai ba. Hau mota. Ka wuce asibitin nan in kunyarsu kake ji, ka tafi na can ƙarshen gari. Wanzami dai ba ya son jarfa, amma yau sai ka kwanta an yi maka. Gajere zan ce masa na aike ka sayen reza."

Asibitin ƙarshen gari ɗan ƙarami ne, da bencina a baranda da fanka mai kuka. Matar da ke ba da kati ta tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce fata, ta rubuta ba ta ko ɗaga kai ba. Ya zauna a gefen benci da rabin jiki, tsakanin wani tsoho mai tari da wata mai goyo, har aka kira shi.

Likitan mai sanƙo ne tal. Abin da ya fara kwantar wa Tsinke da hankali ke nan, don wannan kai bai taɓa zama a kujerar kowa ba. Ya saurare shi har ƙarshe, ya tambayi sana'arsa, ya tambaya ko fitsari na yi masa zafi, ko wani ruwa na fita, ko ya kusanci wata ba matarsa ba. Yadda ya yi tambayar ƙarshen daidai yake da yadda ya yi ta farkon. Sannan ya ja labule, ya sa safar hannu, ya karkato fitila.

"Hau nan. Sauke wandon."

Tsinke ya kafa wa silin ido. Bai taɓa sanin haka mutane ke ji ba idan ya karkatar musu da kai ya ce kada su motsa.

"To," in ji likita bayan ɗan lokaci. "Abu uku ne a nan, ɗaya a ciki kai ka yi shi da hannunka. Waɗannan da suka zagaye bakin kan, tun yaushe?"

"Kwanan nan na gan su."

"Kwanan nan ka duba dai. Suna nan tun kana saurayi. Halitta ce, maza da yawa suna da su, ba cuta ba ne, ba a ɗauka, ba a ba wani. Ka taɓa su da allurar?"

"Ban kai kansu ba tukuna."

"Allah ya taimake ka da ba ka kai ba. Ka bar su har abada." Ya matsar da fitilar. "Waɗannan masu rami a tsakiya kuwa ƙwayar cuta ce ta fata. Ba ta kisa, ba ta hana haihuwa, ko an ƙyale ta takan tafi da kanta, sai dai tana ɗaukar watanni. Farin abin nan da kake matsowa, a cikinsa take. Kana matsewa kana shukawa, reza kuma tana yi maka huɗa. Na uku shi ne wannan da ka tone ya ruɓe. Shi ya kawo maka kaluluwa da zazzaɓi, shi ne kuma da ka ƙara kwanaki da sai mun tsaga."

Ya wanke wurin, ya rufe da bandeji, ya ce ya sa wandonsa. Da suka koma tebur ya rubuta maganin sha, ya ce in kumburin ya sauka ya dawo a cire masa sauran a nan, da kayan da aka yi don haka. Reza kuwa ya ajiye ta. Tawul ɗinsa daban. Ya kuma dakata da iyali har wurin ya warke.

"Likita, ni fa na saba ganin ƙurji," in ji Tsinke. "Na ɗauka na gashi ne."

"Ba laifi ka ɗauka haka ranar farko. Na gashi yana da gashi a ciki, in ka bar shi kuma cikin mako ɗaya ko biyu ya baje. Da ka ga ba ya bajewa, yana ma ƙaruwa, ai ya gaya maka ba naka ba ne. A wurin nan, duk abin da ya ƙi tafiya ko yake yaɗuwa, a kawo shi. In ya fashe ya zama gyambo a kawo shi, ko da ba ya zafi, wanda ba ya zafin ma ya fi ba ni tsoro. Bororo mai ruwa, mugunya, jini, fitsari mai zafi, wanda ya yi kama da tusar jaki, wanda ya canza launi. Ko ka shafa maraina ka ji wani dunƙule mai tauri da ba ka saba ji ba, wannan kada ka kwana da shi. Kai da maza ke zama a gabanka kullum, ka riƙa gaya musu." Ya tura masa takardar magani. "Zan sa a ɗebi jininka a duba sauran cututtukan da ake ɗauka ta kwanciya. Ba don na ƙaryata ka ba, kowa na gani da wannan haka nake yi masa. Matarka ma ina so ta zo."

Nan ne Tsinke ya matso da kujera.

"To Likita, a ina na samo?"

"Fata ce ke ba fata. Ta kwanciya ana ɗauka, kuma a manya, a wannan wurin, ta nan aka fi ɗauka, ba zan ɓoye maka ba. Amma ana ɗauka ta tawul, ta reza, ta hannun da ya taɓa na wani ya zo ya taɓa jiki. Kai kuwa wuni kake hannunka a fatar mutane."

"To in na kawo ta, don Allah ka ce mata daga tawul ne."

Likita ya cire tabarau ya dube shi. Ba fushi a fuskarsa.

"Zan gaya mata abin da na gaya maka, ba ragi ba ƙari. Zan ce yana yiwuwa. Ba zan ce na sani ba, don ban sani ba. Ƙurji ba ya zuwa da adireshin inda ya fito."

Ya fito da auduga manne a gwiwar hannu da ledar magani. A mota ya yi ta juya maganar. Ya zo neman wanda zai wanke shi, an ba shi magani an sallame shi. Abin da zai kai mata bai wuce bakinsa ba, bakin da ya kwana da kwanaki yana yi mata ƙaryar ciwon baya.

Bai koma shago ba. Ya sauka a bakin makarantarsu daidai ana tashi, ya tsaya a gindin katanga yara na ta kwararowa suna ture shi. Ta fito a ƙarshe tare da wata malama, alli a gefen hannun rigarta. Da ta hango shi ta tsaya cak, ta yi wa abokiyar sallama, ta ƙaraso.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Daga asibiti nake."

Idonta ya sauka kan audugar, ya koma kan ledar. Ya karɓi jakar littattafan daga kafaɗarta, ta bar masa. Suka kama hanya, shi yana ɗingishi, ita tana rage sauri ba tare da ta nuna tana ragewa ba.

Ya faɗa mata a hanya, don ya san in suka shiga gida bango zai kama masa harshe. Ya fara daga safiyar farko. Ya faɗi reza, ya faɗi allura, ya faɗi dalilin komawarsa falo. In mutum ya matso sai ya yi shiru, in ya wuce ya ɗora. Da ya zo kan maganar likita ya ji zuciyarsa na ce masa ya tsaya a kan tawul, ai ba ƙarya ba ne. Amma ya faɗa mata duka, har inda aka ce ta kwanciya aka fi ɗauka, har roƙon da ya yi aka ƙi.

Suka wuce shagon mai gyaran waya, suka wuce famfon unguwa, ta buɗe ƙofa. A tsakiyar falo ta juyo.

"Ka yi?"

"Ban yi ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Bai ƙara da rantsuwa ba, ya bar ta ta kalla.

"Nuna mini."

"Malama..."

"Ka nuna wa wani ƙato da ba ka taɓa gani ba. Shiga ɗaki."

Ta ɗage labulen taga hasken la'asar ya shigo. Ya zauna a bakin gado ya kawar da kai. Ta durƙusa ta duba, hannayenta a bayanta, yadda take duba kan yaro in an ce yana da makero. Ta tambayi wanne ne na halitta, ya nuna. Ta tambayi me ke ƙarƙashin bandejin, ya ce aikin hannunsa ne.

"Wannan ne?" ta ce. "Wannan ne duka?"

"Shi ne."

Ta zauna a ƙasa daɓas, ta jingina da gado. Da farko ya ɗauka dariya take yi, don kafaɗunta ne ke rawa.

"Kullum in na idar da salla sai in dafa cikina in ce me na yi. Na daina kallon madubi. Na je na tambayi nas ko akwai abin da ke sa namiji ya ji ƙyamar mace bayan ɓari, ta ce in yi haƙuri. Kai kuma kana banɗaki kana gasa allura." Ta share fuska da bakin mayafi. "Sifirit! Ko jaki aka ɗora wa ai sai ya yi magana."

"Na ji tsoro ne kada ki ce..."

"Da na ce. Wallahi da na ce, da na yi maka ihu maƙwabta sun ji. Da mun yi faɗanmu mun gama tun tuni, ka tafi asibiti da ƙafarka lafiya." Ta ja hanci. "Ka zaɓar mini abin da zan ji zafinsa, ba ka ko tambaye ni ba."

Ya sauko ya zauna a ƙasa kusa da ita, da ƙyar, ƙafa ɗaya a miƙe. Ba ta matsa ba. Can ta miƙa hannu ta taɓa goshinsa da bayan yatsu, ta janyo ledar maganin ta karanta abin da aka rubuta a jiki, ta tambaya ko ya ci wani abu. Ya ce tun shayin safe, shi ma bai sha ba.

"Kin yarda da ni?" ya ce.

"Ban sani ba." Ta faɗe shi a sarari, ba don ta soke shi ba. "Yanzu da nake kallonka na yarda. In na kwanta wataƙila wani tunanin ya zo, ba zan yi maka alkawari ba. Zan je in ji bakin likitan da kunnena, a ɗebi nawa jinin, in yi masa tambayoyin da kunya ta hana ka." Ta miƙe tana kakkaɓe zaninta. "Ka kwaso filonka ka dawo ɗaki. Ba abin da zai faru, an ce ka dakata. Amma in shakkarka zan yi, gara in yi ta kana kusa."

Ta fita falo. Ya ji tana zuge jaka tana neman waya, ya ji ta kira hedimasta, ta gyara murya, ta koma Malamar da kowa ya sani.

"Ranka ya daɗe, barka da yamma. Gobe zan ɗan makara, a sa wani ya riƙe mini aji. E, lafiya lau. Asibiti za mu je ni da maigidana."